Johannes Brønsted: Marayan Denmak da ya sauya wa duniya ma'anar asid

A zaɓen da aka gudanar a ƙasar Denmak ranar 28 ga Oktoba, 1947, masu jefa ƙuri'a sun zaɓi wani dattijon farfesa mai shekara 68 ya wakilce su a majalisar dokoki. Allah bai nufe shi da zama a kan kujerar ba ko da na yini ɗaya. Ciwo ya kwantar da shi, kuma a ranar 17 ga Disamba na wannan shekara ya rasu a birnin Kofanhegan. Da a ce siyasa ce kaɗai abin tunawa da shi, da tuni tarihi ya binne sunansa.

Amma har gobe duk ɗalibin da ya zauna a ajin kimiyyar sinadarai, daga babbar sakandare zuwa jami'a, sai ya ci karo da sunan Johannes Nicolaus Brønsted. Dalili kuwa wata gajeriyar maƙala ce da ya wallafa a 1923, wadda a cikinta ya amsa tambayar da ta daɗe tana wahalar da masana, wato mene ne asid. Amsarsa ta rataya ne a kan abu ɗaya ƙanƙane, furoton, da yadda sinadarai ke riƙe shi, suke sakinsa, suke miƙa wa juna. Daga wannan amsa ne aka gina fagen bincike mai faɗi wanda a yau ya shafi haɗa magunguna, da fahimtar yadda jini ke aiki, da yadda jikin ɗan Adam ke samar da kuzari.

Tashin maraya

An haifi Brønsted ranar 22 ga Fabrairu, 1879, a garin Varde da ke yammacin yankin Jutland. Mahaifiyarsa ta rasu jim kaɗan bayan haihuwarsa. Mahaifinsa injiniya ne a ƙungiyar Hedeselskabet, wadda aka kafa a 1866 domin mayar da fako da fadamun Jutland gonaki da dazuzzuka. Kafa ƙungiyar ya biyo bayan wani babban rashi, domin a yaƙin 1864 Denmak ta rasa yankunan Schleswig da Holstein ga Farusiya da Ostiriya, sai 'yan ƙasar suka duƙufa wajen raya abin da ya rage a hannunsu. A cikin wannan yanayi na kishin ƙasa mai ɗauke da tabo yaron ya buɗe ido, kuma batun Schleswig bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Yana ɗan shekara 14 mahaifin ma ya rasu. Daga nan matar ubansa ta koma Kofanhegan da shi da 'yar'uwarsa. Aka sa shi a tsohuwar makarantar nan ta Metropolitanskolen, inda ya haɗu da wani yaro sa'arsa mai suna Niels Bjerrum. Su biyun an haife su a shekara ɗaya, tsiransu bai kai wata guda ba, kuma ƙaddara ta sa za su shafe rayuwarsu suna noma a gona ɗaya ta ilimi, wani lokaci kafaɗa da kafaɗa, wani lokaci kuma a matsayin abokan takara.

A 1897 ya shiga kwalejin fasaha ta Kofanhegan domin karatun injiniyancin sinadarai, amma bayan shekara biyu ya ga cewa zuciyarsa ta fi karkata ga tushen ilimin, sai ya koma Jami'ar Kofanhegan, inda ya kammala digirinsa a 1902. A kwalejin ce ya haɗu da Louise Warberg, ɗaya daga cikin matan farko da suka yi karatun injiniya a Denmak, suka yi aure a 1903. Ta wannan aure ya zama surukin gidan masu zane, domin 'yar'uwar matarsa, Alhed, mai zane ce, kuma ita ce matar Johannes Larsen, wanda ya yi suna wajen zanen tsuntsaye. Shi kansa Brønsted ya rayu yana son kallon tsuntsaye, yana kuma taɓa zane a lokutan hutu.

Tambayar farko: me ke tura sinadarai su haɗu?

Lokacin da Brønsted ya fara aiki a ɗakin gwajin jami'a a 1905, inuwar Julius Thomsen ce ta rufe kimiyyar sinadarai a Denmak. Thomsen ya shafe shekaru yana auna zafin da ke fita idan sinadarai suka haɗu, ya yi dubban gwaje-gwaje, a kan fahimtar cewa yawan zafin shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura su ga juna. Sai dai fahimtar tana da gibi. Akwai gishirin da idan aka zuba shi a ruwa zai narke da kansa, amma maimakon ruwan ya yi ɗumi sai ya yi sanyi. In da zafi ne kaɗai ke tura al'amarin, da hakan ba ta faru ba. Masana irin su Gibbs da Helmholtz sun riga sun nuna cewa ma'auni na gaskiya shi ne adadin makamashin da za a iya juyawa ya zama aiki, amma an yi ƙarancin alƙaluman da aka auna da kyau.

Wannan gibi Brønsted ya sa a gaba. Ya riƙa haɗa ƙananan batura na gwaji, yana auna ƙarfin lantarkin da suke bayarwa, domin daga nan ake gane ainihin ƙarfin da ke tura sinadaran. Ya wallafa jerin maƙaloli a kan wannan batu, kuma ɗaya daga cikinsu ce ta zama kundin digirinsa na dakta a 1908. A wannan shekarar aka buɗe sabuwar kujerar farfesa a fannin sinadarai a jami'ar. Cikin masu neman ta har da abokinsa na makaranta, Bjerrum. Brønsted ne ya samu, yana ɗan shekara 29. Bjerrum kuwa ya zama farfesa a kwalejin aikin gona da likitancin dabbobi a 1914, ya kuma yi nasa sunan a duniya.

Shekarun da suka biyo baya sun nuna irin hannun da Brønsted ke da shi a ɗakin gwaji. A 1920 shi da George de Hevesy, ɗan ƙasar Hangari da ya zo Kofanhegan aiki tare da Niels Bohr, suka yi nasarar rarrabe nau'o'in zaiba masu bambancin nauyi, waɗanda ake kira aisotof. Dabarar mai sauƙi ce: suka bar zaiba tana tururi a cikin mazubin da aka zuƙe wa iska, suka sa wani faranti mai tsananin sanyi a samanta. Ƙwayoyin da suka fi rashin nauyi sun ɗan fi saurin tashi, sai su daskare a jikin farantin. Da suka maimaita sau da yawa, sai ga zaiba kashi biyu masu bambancin nauyi da za a iya aunawa. Haka kuma a 1924, shi da Ba'amurke Victor LaMer suka auna narkewar wasu nau'o'in gishirin kobalt da daidaito mai ban mamaki, sakamakon ya zama ɗaya daga cikin hujjojin farko da suka tabbatar da ka'idar Debye da Hückel kan yadda ƙwayoyi masu caji ke shafar juna a cikin ruwa.

Inda tsohuwar ma'ana ta gaza

Tun zamanin da ɗan Adam ya san abubuwa masu tsami da kuma kishiyoyinsu. Duk macen da ta taɓa zuba ruwan tsamiya a kan jiƙaƙƙiyar kanwa ta ga kumfa ya taso, tsamin kuma ya mutu. Masana suna kiran ɓangaren tsamin asid, ɓangaren kanwar kuma bes. Abin da ya gagara shi ne faɗin takamaiman abin da ya sa asid ya zama asid.

A ƙarshen ƙarni na 19 Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya kawo bayanin da ya samu karɓuwa, har ya kai shi ga lambar Nobel a 1903. A wajensa asid shi ne abin da idan ya narke a ruwa yake sakin haidirojin mai caji, bes kuma shi ne mai sakin wani curi na oksijin da haidirojin da ake kira haidiroksaid. A 1909, a ɗakin gwajin Carlsberg da ke Kofanhegan ɗin dai, Søren Sørensen ya ƙirƙiro ma'aunin pH domin auna yawan wannan haidirojin a cikin ruwa.

Bayanin Arrhenius ya yi aiki, amma yana da ƙofofi a buɗe. Amoniya ba ta da haidiroksaid a jikinta ko kaɗan, amma tana kashe tsami kamar kowane bes. Idan aka kusanta bakin kwalbar amoniya da ta asid ɗin haidirokulorik, tururinsu na haɗuwa a iska ya zama farin hayaƙi na gishiri, ba tare da ruwa ya shiga tsakani ba. Masu bincike kuma sun fara aiki da wasu ruwaye na daban, kamar alkohol da narkakkiyar amoniya, suna ganin halayen asid da bes a inda ka'idar ta ce bai kamata a gan su ba.

Akwai kuma matsala mafi zurfi. Ƙwayar haidirojin ita ce mafi sauƙin gini a duk halitta: cibiya ɗaya da elektiron ɗaya. Idan aka cire elektiron ɗin, sai cibiyar tsirararta, wadda Ernest Rutherford ya raɗa wa suna furoton a 1920. Faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin dubun dubatar faɗin ƙwayar zarra ba, ga kuma cikakken caji a dunƙule a wannan ɗan wuri. Abu mai wannan siffa ba zai iya yawo shi kaɗai a cikin ruwa ba, dole ya manne wa wani abu.

Maƙalar 1923

A 1923 Brønsted ya wallafa maƙalarsa cikin harshen Jamusanci a wata mujallar kimiyya ta ƙasar Holan. Abin da ya kawo ana iya faɗinsa cikin numfashi ɗaya: asid shi ne duk abin da zai iya ba da furoton, bes kuma duk abin da zai iya karɓarsa.

Sauƙin maganar na iya ɓoye girmanta. Na farko, ta fitar da ruwa daga cikin ma'anar, don haka hayaƙin amoniya da asid a iska ya shigo cikin tsari: ɗaya ya miƙa furoton, ɗaya ya karɓa. Na biyu, tunda furoton ba ya zama shi kaɗai, babu asid ɗin da zai nuna halinsa sai da mai karɓa a gabansa. Ba a bayarwa sai da hannun da zai amsa. Na uku, duk asid ɗin da ya saki furoton, abin da ya rage daga gare shi ya zama bes ke nan, domin zai iya sake karɓa. Haka kowane asid yana da abokin tagwaitakarsa. Asid ɗin da ke cikin binega idan ya saki furoton ya zama asitet, amoniya kuma idan ta karɓa ta zama amoniyom, wanda shi ma asid ne a nasa matsayin.

Daga nan sai ruwa kansa ya bayyana da fuska biyu. A gaban asid mai ƙarfi, ruwa mai karɓa ne. A gaban amoniya kuwa, shi ne mai bayarwa. Har a tsakaninsu ƙwayoyin ruwa suna musayar furoton, ko da yake a tsabtataccen ruwa mai ɗumin ɗaki, a kowane lokaci, kusan ƙwaya biyu ne kacal cikin biliyan ɗaya ke cikin wannan hali. Wannan ne asalin lamba 7 da ke tsakiyar ma'aunin pH.

Da wannan fahimta, ƙarfin asid ya zama batun jan igiya tsakanin masu son furoton guda biyu. Asid mai ƙarfi, irin na ruwan batirin mota, shi ne wanda riƙonsa ya yi sako-sako har ruwa ke ƙwace masa furoton gaba ɗaya. Mai rauni, irin na binega, yana riƙe da mafi yawan nasa. Kumfar tsamiya da kanwa ma ta sami bayani: kabonet ɗin da ke cikin kanwa ya fi asid ɗin tsamiya son furoton, ya karɓe, abin da ya samu kuma ya rabe zuwa ruwa da iskar kabon mai tasowa. Irin wannan tagwaitaka ce, ta bayikabonet da asid ɗinsa, ke tsare jinin mutum a tsakanin pH 7.35 da 7.45, iyakar da idan aka ƙetare ta da nisa rai na shiga haɗari.

A wannan shekara ta 1923, ba tare da sun yi shawara ba, Thomas Martin Lowry, farfesa a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya wallafa tunani mai kama da wannan, shi ya sa littattafai ke haɗa sunayensu biyu a kan ka'idar. Masana tarihin fannin sun daɗe suna muhawara a kan rabon kowa. Ronald Bell, Baturen Ingila da ya yi aiki a ƙarƙashin Brønsted, yana ganin cewa a wajen malaminsa ne ma'anar ta fito cikakkiya. Har wa yau a shekarar ce Gilbert Lewis na Amurka ya kawo wata ma'anar da ta fi faɗi, wadda ta dogara a kan elektiron. Ba ta ture ta Brønsted ba. Duk inda ake maganar ruwa, ko jini, ko ƙasar noma, ko magani a cikin jiki, da harshen furoton ake yin ta.

Daga ƙarfi zuwa sauri

Da Brønsted ya tsaya a kan ma'ana kawai, da an ce gyaran lafazi ya yi. Abin da ya ba ka'idar haƙora shi ne gwajin da ya yi da matashin abokin aikinsa Kai Pedersen, wanda suka wallafa a 1924. Sun ɗauki wani sinadari mai suna naitiramid, wanda a cikin ruwa yake rushewa a hankali ya zama ruwa da iskar naitiros oksaid, wadda likitoci ke amfani da ita wajen kashe zafi. Tunda iska ce ke fita, ana iya bin saurin rushewar ta hanyar auna matsinta.

A wancan lokaci an ɗauka cewa haidiroksaid ne kaɗai bes ɗin da ke hanzarta irin wannan sauyi. Brønsted da Pedersen suka nuna cewa kowane mai karɓar furoton yana iya yi, har da asitet da danginsa, waɗanda tsohuwar ka'ida ba ta ma lissafa su cikin bes ba. Sannan suka gano wani abu da ya fi haka: akwai dangantaka ta lissafi, madaidaiciya, tsakanin yadda bes ke son furoton da kuma yadda yake hanzarta rushewar. Idan aka san ɗaya, ana iya hasashen ɗayan.

Wannan dangantaka, wadda har yau ake kira da sunan Brønsted, ta haɗa abubuwa biyu da ake ɗauka ba su da alaƙa, wato inda sauyi zai tsaya da kuma saurin da zai kai can. Ita ce ta farko a jerin irin waɗannan dokoki da suka zama ginshiƙin nazarin sinadaran halittu. Mai bincike a yau yana amfani da ita ya gane ko furoton ya yi nisa a tafiyarsa daga mai bayarwa zuwa mai karɓa a daidai lokacin da sauyi ya kai ƙololuwar wahalarsa, lokacin da ido ko na'ura ba sa iya kamawa kai tsaye. A 1927 Brønsted da Edward Guggenheim suka nuna irin wannan hali a sauyin da sukarin gulukos ke yi idan ya narke a ruwa, batun da Lowry ma ya daɗe yana nazari.

Sunansa ya kai Amurka, ya je ya koyar a Jami'ar Yale, kuma a 1928 ƙasarsa ta ba shi lambar girma ta H.C. Ørsted. Da tallafin kuɗi daga asusun iyalan Rockefeller aka gina masa sabuwar cibiyar bincike a titin Blegdamsvej, kusa da cibiyar Bohr, aka buɗe ta a 1930. Waɗanda suka yi aiki da shi sun bayyana shi a matsayin mutum mai kawaici, wanda ba ya son taro, mai kaifin suka ga tunanin da bai nuna ba, mai kuma fifita kayan gwaji marasa ƙawa da tambaya mai kyau a kan na'urori masu tsada.

Idan mai bayarwa da mai karɓa suna gida ɗaya

Ka'idar Brønsted ta buɗe wata tambaya da ta ci gaba da ba masana aiki bayan rasuwarsa. Idan curin sinadari guda yana da gefen da ke ba da furoton da kuma gefen da ke karɓa, me zai hana furoton ya yi ƙaura a cikin gida?

Wanda ya fara ba da amsa mai ƙarfi shi ne tsohon abokin takararsa. A shekarar 1923 ɗin dai Bjerrum ya nuna cewa amino asid, tubalin da ake gina furotin na jiki da su, idan suna cikin ruwa furoton ɗinsu yana barin gefen asid ya koma gefen amino, sai curin ya zama yana da caji iri biyu a kansa, ɗaya a kowane gefe. Wannan ya warware ruɗanin da aka daɗe ana yi game da halayensu.

Muhimmancin wurin da furoton ke zaune ya sake bayyana a 1953, lokacin da James Watson da Francis Crick ke ƙoƙarin gano ginin DNA. Zanen da ke cikin littattafan lokacin ya ajiye haidirojin na wasu harufan gadon a wurin da ba daidai ba. Sai da Jerry Donohue, masanin sinadarai da ke ofis ɗaya da su, ya gyara musu, sannan harufan suka dace da juna biyu biyu.

A tsakiyar shekarun 1950 Bajamushe Albert Weller ya lura da wani abu a sinadarin metil salisilet, mai ƙamshin nan da ake ji a man zafi. Idan hasken altirabayolet ya same shi, furoton yana tsallakawa daga wata ƙwayar oksijin zuwa maƙwabciyarta a cikin curin, sannan curin ya fitar da haske shuɗi, furoton ya koma mazauninsa. A farkon shekarun 1990 ɗakin gwajin Ahmed Zewail, ɗan ƙasar Masar da ya ci lambar Nobel a 1999, ya auna wannan tsalle da hasken leza, aka ga yana ƙarewa cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa. Wannan dabara ce ke aiki a wasu sinadaran da ake zubawa a roba da fenti domin kada rana ta cinye su: suna haɗiye hasken mai cutarwa, furoton ya yi tsalle ya dawo, makamashin ya fita a matsayin ɗumi.

Ta ɓangaren riƙo kuwa, a 1968 Roger Alder na Jami'ar Biristol ya bayyana wani curi mai ƙwayoyin naitirojin biyu da aka matse kusa da juna, waɗanda ke kama furoton a tsakaninsu kamar awartaki. Ƙarfin riƙonsa ya ninka na danginsa na kusa sau miliyoyi, har aka yi masa laƙabi da soson furoton. A cikin jikin mutum ma haka abin yake. Inzayim ɗin da ke taimaka wa jini kwashe iskar kabon yana iya juyi kusan miliyan ɗaya a daƙiƙa, kuma matakin da ke iyakance saurinsa shi ne miƙa furoton daga tsakiyarsa zuwa bakinsa. Peter Mitchell kuma ya ci lambar Nobel a 1978 saboda nuna cewa ƙwayoyin halitta suna tara furoton a gefe ɗaya na wani tantani, kamar ruwa a bayan madatsa, kwararowarsa ce ke samar da kuzarin da jiki ke amfani da shi. Duk waɗannan masu bincike da ma'aunin Brønsted suke lissafi. Bell, almajirinsa, shi ne ya tattara fagen a littafinsa na 1959 kan matsayin furoton a kimiyyar sinadarai.

Shekarun ƙarshe

Abin lura shi ne aikin da Brønsted ya fi ba wa zuciyarsa a ƙarshen rayuwa ba shi ne ya ɗaukaka shi ba. Daga ƙarshen shekarun 1930 ya koma kan soyayyarsa ta farko, ilimin zafi da makamashi. Yana ganin yadda ake koyar da tushen fannin cike yake da ruɗani, sai ya yi ƙoƙarin sake gina shi a kan sababbin ginshiƙai. Masana fiziks na ƙasarsa ba su gamsu ba, aka yi ta musayar rubuce-rubuce masu zafi, shi kuwa bai janye ba. Bayan rasuwarsa Bell ya fassara aikin zuwa Turanci, amma tsarin bai samu shiga manhajojin jami'o'i ba. Lambar Nobel ma ba ta zo masa ba, alhali Hevesy, abokin aikinsa a kan zaiba, ya samu tasa a kan wani binciken na daban.

Ranar 9 ga Afrilu, 1940, sojojin Jamus suka mamaye Denmak, suka zauna har watan Mayun 1945. Mutumin da aka sani da gudun taro sai ga shi ya fito fili yana adawa da 'yan Nazi da masu sassauta musu. Bayan yaƙi, tsohuwar tambayar Schleswig ta sake tasowa. An mayar wa Denmak da arewacin yankin tun bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1920, amma makomar kudancinsa, inda masu jin kansu 'yan Denmak ke zaune a ƙarƙashin Jamus, ta raba kan 'yan siyasa har ta kai ga faɗuwar gwamnati a 1947. Ɗan injiniyan da ya tashi a cikin tabon 1864 ya shiga muhawarar da ƙarfinsa, kuma tsayuwarsa a lokacin mamaya da bayanta ce ta sa aka zaɓe shi. Kwana 50 bayan zaɓen ya cika.

Bjerrum ya rayu bayansa da shekara goma sha ɗaya, ya rasu a 1958. Iyakar Denmak da Jamus tana nan inda aka shata ta a 1920. Ma'anar asid da Brønsted ya rubuta kuwa ta haura shekara ɗari ana koyar da ita ba a sauya mata komai ba, kuma duk mai haɗa magani da ke son sanin ko ƙwayarsa za ta narke a tumbi ko sai ta kai hanji, tambayar da yake fara yi ita ce ta Brønsted: wane ne ke riƙe da furoton, kuma da wane ƙarfi yake riƙe da shi.